Sunanta Enjel

Malam Labbo na Tungar Kanya malamin lugga ne. A ƙasar Sabon Birni akwai waɗanda suka fi shi zurfi a fiƙihu, akwai waɗanda suka fi shi yawan ɗalibai, amma idan kalmar Larabci ta gagari mutane, wurinsa ake nufa. Ba ya tsayawa ga ma'ana kawai. Sai ya bi kalma har gidan ubanta, ya gaya maka daga wane tushe ta tsiro, wane harafi ya faɗi a hanya, wane aka ƙara mata. Ɗalibansa kan yi dariya a ɓoye, su ce in ka tambayi Malam ma'anar kalma ɗaya, to ka nemi wurin zama.

Yanar ido ta fara rufe masa gani tun yana da sauran ƙarfinsa. Da farko layukan littafi suka riƙa haɗewa, daga baya fuskoki suka koma inuwa, har ta kai ba ya bambance komai sai rana da duhu. Bai daina karantarwa ba, domin abin yana ka. Sauran al'amuran duniya kuwa matarsa Saudatu ta ɗauke masa. Ba su da ɗa a raye. Su biyu ne a gidan, sun tsufa tare.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa wannan yanki, Saudatu ta tafi suna gidan 'yar ƙanwarta, a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar. A hanyar dawowa aka tare motar kasuwar da ta shiga. Wani mai babur da ya hangi abin daga nesa ya zo ya ce an cinna wa motar wuta, bai ga wanda ya fita ba. Ana cikin zaman makoki, ba gawa ba kabari, sai aka faɗa wa Tungar Kanya ita kanta. Mutane suka watse, wasu Sabon Birni, wasu Gangara, wasu har Sakkwato. Wani maƙwabci ne ya goya Malam a babur ya fid da shi.

Wanda ya ɗauke shi daga ƙarshe tsohon ɗalibinsa ne, Faruk, ɗan kasuwa mai kai albasa Maraɗi ya sayo tufafi. Ya kai shi gidansa a Isa, ya ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Da yake bai kamata ɗalibi ya riƙa kama laƙabin malaminsa ba, sai Faruk ya gabatar da shi ga mutanen unguwa da sunansa na yanka, Malam Abubakar Siddiƙ. Da shi kowa ya san shi a Isa.

Ya yi watanni a wannan ɗaki. Ana kawo abinci ya ɗan taɓa, ana kiran salla a ja shi masallaci a dawo da shi. Ba ya kuka, ba ya kuma ƙorafi. Maganar ce dai ta ƙare masa.

Bayan an gama girbin gero, wata rana Faruk ya shigo ya durƙusa a bakin tabarma.

"Allah shi gafarta Malam, likitocin ido sun sauka asibiti. An ce suna kware yana, mutum shi kwana guda shi gani."

"In ga mi, Faruku?" in ji Malam. "Wadda za ni duba ba ta."

Faruk ya ɗan yi wasa da bakin tabarma. Can ya ce, "Ɗiyana dai ba ka taɓa ganin ko guda ba, Malam. Kuma kullum suna tambayata ko kakansu ya san kamanninsu."

Washegari da hantsi Malam ya ce a miƙo masa takalmansa.

Asibitin cike yake da tsofaffi, kowa riƙe da sanda ko kafaɗar wani. Warin magani ya cika wurin. Da layi ya zo kansa, sai ya ji muryar wata yarinya kusa da kunnensa, Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna, a tsaye, ba lanƙwasa.

"Sannu Baba Abubakar. Ni nas ce, zan wanke maka fuska, sannan likita ya yi maka allura kusa da ido. Da zafi kaɗan, amma ba zai daɗe ba."

Aka kwantar da shi, aka lulluɓe masa fuska da ƙyalle. A nan ne tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ake harbi a Tunga. Ta lura numfashinsa ya canja, ta kai hannu za ta riƙe nasa. Ya ɗan janye. Sai ta zaro tasbaharsa daga aljihun rigarsa ta sa masa a tafi, ita kuma ta riƙe hannun rigar daga waje.

"Ina nan, Baba. Kar dai ka motsa kai."

Haka ta riƙe har aka gama. Ido ɗaya aka yi, na dama, aka rufe shi da auduga da filasta.

Da safe aka jera su a kan benci a barandar asibiti. Yana jin nas ɗin tana tahowa daga wancan ƙarshen, tana yi wa kowa magana, yana jin kabbarar tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso gare shi ta ɓare filastar a hankali, ta ɗauke audugar, ta goge gefen idon.

"Buɗe, Baba. Sannu sannu."

Farin haske ne ya fara dukansa, har ya runtse. Ya sake buɗewa. Hasken ya riƙa ja da baya kamar ruwan da ke janyewa daga fadama, abubuwa suna fitowa daga cikinsa. Ya ga koren tufa. Ya ga fuska baƙa mai faɗi, da 'yar wushirya, da gumi a goshi. Bayanta akwai bishiyar dogonyaro, kuma ba dunƙulen duhu ba ce, ganye ne, kowane ganye da gefensa, kowane yana motsinsa dabam. Ya sunkuyar da ido ya ga wani hannu a kan gwiwarsa, busasshe, jijiyoyi duk sun fito, ya ɗauka na maƙwabcinsa ne. Sai da ya motsa yatsu ya gane nasa ne. Wata tururuwa tana hawa ƙafar benci ɗauke da ƙwayar gero, ya bi ta da kallo har ta ɓace a tsaga.

"Subhanallahi," ya ce. Ya sake cewa, ya sake.

Wani mutum mai furfura a gemu ya durƙusa a gabansa yana hawaye. Malam ya dube shi ya dube shi.

"Faruku? Kai na wanga? Yaushe ka tsuhwa?"

Duk barandar aka yi dariya. A cikin dariyar ne wani ma'aikaci ya leƙo daga ɗaki ya ƙwala kira, "Enjel! Likita yana nemanki!" Yarinyar ta amsa, ta juya za ta tafi.

Tsohuwar ɗabi'a ta motsa wa Malam, wadda ya ɗauka ta mutu tare da Tungar Kanya.

"Ɗiyata, tsaya. Mi anka kira ki?"

"Enjel, Baba. Sunana ke nan."

"Wane harshe na?"

"Turanci."

"Mi yaka nuhi?"

"Da Hausa, mala'ika."

Malam ya dube ta da sabon idonsa, daga ɗankwali har takalmin roba.

"Suna mai nauyi," ya ce a hankali. "Mala'iku ba su ci, ba su sha, ba su barci, ba su saɓa ma Ubangiji. Mahaihinki ya san abin da ya aza miki?"

Ta yi dariya har wushiryar ta fito. "Ni kam ina ci, Baba, yanzu ma yunwa nake ji. Bari in gama aiki. Kar ka tafi, akwai maganin ɗigawa da zan ba ka. Zan gaya maka abin da babana ya ce."

Sai bayan azahar ta samu kanta. Ta same shi a gindin dogonyaron, Faruk ya shimfiɗa masa darduma, yana zaune yana kallon wasu awaki kamar bai taɓa ganin akuya ba. Ta zauna a kan wani dutse nesa kaɗan, da kwalbar magani a hannu. Can ta matso ta ɗiga masa, ta nuna wa Faruk yadda ake yi, ta koma mazauninta, sannan ta ce:

"Babana malamin majami'a ne a Zonkwa. Ya karanta harshen Girkawa na dā. Mamata ce ta zaɓi sunan don ya yi mata daɗi a baki. Su Turawa, in jariri ya yi kyau yana barci sai su ce enjel ne, in mutum ya yi maka alheri a lokacin da ba ka zata ba, shi ma su ce enjel ne. To wannan mamata ta sani. Babana kuwa tun ina ƙarama yake ce mini, kar in ɗaga kai, ba fukafuki aka ba ni ba. Ya ce kalmar ma ba ta Turawan Ingila ba ce, aro suka yi."

Malam ya gyara zama. Faruk, da ya san wannan gyaran zaman tun yana yaro, ya yi murmushi ya nemi wuri.

"Aro daga wa?"

"Daga Rumawa. Su suna cewa angelus. Faransawa ma can suka samo tasu, shi ya sa a Nijar suke ce mini Anj. Rumawan kuma daga Girkawa suka karɓa, angelos."

"Su Girkawan, mi sunka nuhi da ita?"

"Ɗan aike."

"Ɗan aike?"

"Ɗan aike kawai, Baba. Wanda sarki ya tura wani gari, ko wanda ya rugo daga fagen yaƙi ya zo ya faɗi yadda aka kwashe. Mutum ne mai ƙura a ƙafa. In saƙon mai daɗi ne, sai su ƙara wata 'yar kalma a gaba, ya zama abin da muke kira bishara. Daga baya ne aka zo fassara littattafan Bani Isra'ila zuwa Girkanci. Masu fassarar suka tarar da sunan waɗanda Allah yake aikowa daga sama, suka duba suka ga a harshen Ibraniyawa ma ma'anarsa ɗan aike ce. Sai suka ɗauki tasu kalmar ta ɗan aike suka sa a wurin."

"Ita ta Ibraniyawan, kin san ta?"

Ta ɗan yi tunani. "Babana yana cewa mal'ak."

Tasbahar ta tsaya a hannun Malam.

"Sake hwaɗi."

"Mal'ak."

"Da tsayawa a tsakiya haka? Mal, sannan ak?"

"Haka yake faɗa."

Malam ya juya ga Faruk. "Ka ji? Faruku, ka ji?" Ya sake juyowa gare ta, fuskarsa ta canja gaba ɗaya. "Ɗiyata, Larabawa suna cewa malak. Amma malaman lugga sun ce asalinta mal'ak na, kamar yadda kinka hwaɗa yanzu, da hamza a tsakiya. Yawan hurtawa ya sa hamzar ta hwaɗi. In anka zo jam'i sai ta dawo gidanta, a ce mala'ika. Tushenta kuwa wata tsohuwar kalma ta, aluka. Kin san mi aluka take nuhi?"

Ta girgiza kai.

"Saƙo."

Suka dubi juna. Wata iska ta kaɗa ganyen dogonyaro, busassun suka zubo a kan darduma.

Tun yana saurayi yake karantar da wannan. Ya faɗa wa ɗalibai masu yawa, ya ɗauka wani sirri ne da ke cikin ɗakin Larabawa, ba mai shiga sai wanda ya sha wuyar nahawu. Yau ga shi ya fito daga bakin 'yar malamin majami'a mai takalmin roba. Ya rufe idon da ba ya gani da tafin hannu, ya zauna yana bin hanyar a zuciyarsa. Kalma ta tashi daga ƙasar Sham ta rabu biyu. Ɗaya ta haye teku, Girkawa suka sake mata riga, ta bi ta Rum, ta ƙasar Faransa, ta Ingila, ta shigo jirgin ruwa ta sauka Ikko, ta hau har Zonkwa ta zama sunan jaririya. Ɗayar ta bi raƙuma, ta ratso hamada, ta kwana Agadas, ta shigo Gobir a cikin gafakar malamai. Ƙarni bayan ƙarni suna tafiya ba su san da juna ba, bakuna dabam, addinai dabam, amma babu wadda ta yar da kayan da ta ɗauko. Ga su sun haɗu a gindin bishiya a Isa.



"Duba ikon Allah," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Halittu na haske, masu ƙarhin da ba mu iya ƙiyastawa. Amma duk al'ummar da ta zo raɗa musu suna ba ta kira su da haskensu ba, ba ta kira su da girmansu ba. Da aikinsu anka kira su. 'Yan aike. Kamar yaron da ka ba goro ka ce kai ma wane." Ya yi 'yar dariya, irin wadda Faruk ya daɗe bai ji ba. "Mu kuwa Hausawa, da munka zo aro, jam'in munka ɗauko munka maishe shi guda, mala'ika. Da munka buƙaci da yawa sai munka sake yi mishi wani jam'i, mala'iku. Jam'i bisa jam'i."

Enjel ta yi dariya. "Zan gaya wa babana. Zai ji daɗin wannan ƙwarai."

"Ki gaishe shi. Ki ce mishi na janye maganata, ya san abin da ya yi."

Ta tashi tana kaɗe riga, sai kuma ta tsaya. "Kai fa, Baba? Na san Siddiƙ mai gaskiya ne. Abubakar ɗin fa?"

"Wanga sunan yanka na, sai nan Isa aka kirana da shi. Garinmu in kin ce Abubakar ba wanda za shi gane ni. Kakata Bahillata ta, ita ta laƙaba mini wani tun ina goye, wai ina da tsawo ba kauri kamar mashi. Da Hillanci mashi shi na labbo. Malam Labbo anka sani."

Kwalbar maganin ta suɓuce daga hannunta ta faɗi a yashi. Ba ta duba ta ba.

"Labbo na ina?"

"Tungar Kanya, gabas da Gangara."

Ta koma ta zauna a kan dutsen a hankali, ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Baba, matarka fa?"

"Allah ya yi mata rasuwa. Hanyar iyaka anka tare su."

"Yaya sunanta?"

Faruk ne ya amsa. "Inna Saudatu."

"Doguwa? Da tsagar Gobirawa a kumatu? Haƙorinta na gaba ɗaya ya ɗan karye?"

Faruk ya gyaɗa kai. Hawaye ya zubo wa Enjel.

"Baba, tana nan da ranta. Na gan ta da idona. Na taɓa ta."

Ta ba su labarin tana share fuska da bayan hannu. Kafin su shigo Najeriya, ƙungiyarsu ta yi aikin ido a wani ƙauye kudu da Maraɗi, inda aka tsugunar da mutanen da suka gudo. Wata tsohuwa mai dogara sanda ta zo karɓar maganin ƙaiƙayin ido. Da ta ji ana cewa daga nan ƙasar Sabon Birni za su nufa, sai ta kama gefen rigar Enjel ta ƙi saki. Ta ce ranar da aka tare motarsu ta faɗa wani rami a gefen hanya, ƙafarta ta karye, ta kwanta cikin ciyawa har masu gudu suka tsince ta, suka ɗora ta a amalanke suka ƙetare da ita. Ta yi ta aika saƙo Tungar Kanya, duk wanda ya je sai ya dawo ya ce ba kowa a garin.

"Na ce mata, Mama, yaya sunan mijin naki? Sai ta sunkuyar da kai ta ce Malam. Na ce Malam wa? Ta ce Malam dai. Na yi na yi, ta ƙi faɗa. Sai wata mata da ke kusa ta ce mini, ba ta kama sunan miji, Labbo ake ce masa, makaho ne. Na tambaya a Sabon Birni, na tambaya a Gangara. Wasu suka ce ka tafi Sakkwato, wani ya ce ai malamin nan ya rasu. Da muka zo nan na duba duk wanda ya zo, ban ji Labbo ba. Jiya ina riƙe da hannun rigarka, ban sani ba."

"Saƙon," in ji Malam. "Mi ta ce?"

Enjel ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya. Ta faɗe shi da lafazin tsohuwar, yadda ta riƙe shi.

"Ta ce, ki ce ma Malam ina nan, ƙahwa ta ɗoru. Ki ce mishi mabuɗin akwatin littattahai shina wurina, ɗaure ga haɓar zane, kar shi sa a hwasa akwatin. In ko kin iske ya rigaye ni, ki tambayi inda anka sa shi, ki zo ki hwaɗa mini."

Faruk ya kife fuska a gwiwa yana kuka kamar yaro. Malam kuwa hawaye ne kawai yake bin gemunsa. Ya ɗaga hannu zai share, Enjel ta yi wuf ta riƙe hannun rigar.

"Kar ka murza idon, Baba! Don Allah kar ka murza!"

Ya sauke hannun. Ya juya gabas zai kai goshi ƙasa ya yi sujadar godiya, ta sake tare shi.

"Ba yanzu ba. Likita ya ce kar a sunkuya sosai sai idon ya kama."

Sai ya zauna a miƙe, ya ɗan rusunar da kai iyakar abin da ta yarda, ya daɗe a haka. Mutanen da ke kusa suka taru, labari ya bi baranda, tsofaffi masu filasta a ido suna ta salati. Shi kuwa ba ya jin su. Abin da yake ji shi ne ƙanƙantarsa. Da Faruk bai matsa ba, da bai zo ba. Da ba a ƙwala kiran sunanta a gabansa ba, da bai tambaya ba. Da ba ta mayar masa da tambayar ba, da ya karɓi magani ya koma ɗakinsa, ita ta wuce da saƙon a ƙirji har ya tsufa a can. Ya san ba ita ta tsara ba, ba shi ya tsara ba. Ya ji kamar an ɗan ɗaga masa gefen labule ya ga yadda ake tafiyar da al'amura, sannan aka sake.

Enjel tana da lambar wata ma'aikaciyar lafiya a can ƙauyen. Kafin la'asar ta same ta a waya, suka yi magana rabi Hausa rabi Faransanci. Matar ta je ta nemo Saudatu. An miƙa mata wayar, ta ƙi karɓa a gaban mutane. Ma'aikaciyar ta ce ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai, tana ta faɗin alhamdulillahi.

Da ƙungiyar ta gama aiki a Isa, Malam ya sa Faruk ya kai shi wurin motarsu. Ya yi wa Enjel addu'a mai tsawo, ya haɗa da iyayenta. Ta durƙusa ta ce amin. Ta ja masa kunne a kan magani da ƙura, ta ce in sun dawo baɗi a yi ɗaya idon. Motar ta tashi ta nufi Sakkwato. Da baɗin ta zo wasu ma'aikatan ne suka dawo, bai sake ganinta ba.

Bayan tafiyar Enjel, sai da likitan asibitin ya duba idon ya ce ya kama, sannan suka kama hanyar zuwa wurin Saudatu. Faruk ya sa shi a gaban motar albasa, da baƙin tabarau a fuska. Duk tsawon tafiyar bai rufe ido ba. Ya ga gonakin da aka bari ba a girbe ba, ya ga ƙauyukan da ba hayaƙi, ya kuma ga inda mutane suka dawo suna ɗaura sabon jinka. Suka ƙetare iyaka da rana tsaka.

Ƙauyen bukkoki ne na kara da leda, a jere cikin yashi. Mata suna daka a wata inuwa. Da motar ta tsaya, dakan ya tsaya. Wata doguwar tsohuwa ta fito daga cikinsu tana dogara sanda, tana jan ƙafa ɗaya. Rabonsa da ganin fuskarta tun tana da sauran ƙuruciya. Yanzu kumatun sun faɗa, tsagar ta nutse cikin tamoji, amma tafiyar ita ce, da yadda take karkata kai.

Ta iso ta ɗan rusuna. "Malam, sannu da hanya."

"Sannu, Saudatu."

Ya cire tabarau. Ta ɗago, ta ga ƙwayar idon tana kanta sosai, ba ta yawo a sama kamar dā. An gaya mata an yi masa aiki, amma ji dabam, gani dabam. Kunya ta kama ta kamar amarya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matan da ke wurin turmi suka saki guɗa.

Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin bukkarta. Ta kawo ruwa a kwanon sha, ta zauna gefe, ta fara tambayar mutanen Tunga gida gida, wa ya tsira, wa ya rasu, wa aka ji labarinsa. Yana ba ta amsa, tana cewa Allah ya jiƙa, ko ta ce madalla. Tana cikin haka sai ta ƙura wa kansa ido. Ta juya ga Faruk.

"Faruku, wa ka wanke ma Malam hula?"

Faruk ya fara kame-kame. Malam ya cire hular ya juya ta a hannu, ya duba bakinta da kyau. Gaskiyarta, ta yi baƙi ƙirin da maiƙo. Ta miƙo hannu ta karɓe, ta dogara sandarta ta tashi neman sabulu.